Yadda Ake Gane Ƙudan Soja na Bakin Maya, Har a Raɗa Masa Suna

Idan ruwan Nil Azrak ya fara ja da baya a ƙarshen damina, daga Rusairis gangarawa Singa har Mai Wurno, yakan bar tafkuna a cikin dazuzzukan bagaruwa, waɗanda mutanen wurin ke kira maya. Irin wannan kwantaccen ruwa, mai taɓo da ruɓaɓɓen ganye, shi ne gidan tsutsar wani rukunin ƙudaje da masana suka sa wa suna Odontomyia. Suna cikin babban dangin ƙudan soja, dangin da Norman Woodley ya tattara sunayensa a kundi ɗaya a 2001, aka samu iri sama da 2,600 a duniya. Rukunin Odontomyia kaɗai yana da wajen iri 200, kuma ya bazu har Afirka. Ba ya cizo, ba ya harbi, ba ya sauka kan tuwo. Furanni yake bi. Saboda haka masunci da mai lambu suke wucewa ta gabansa shekara da shekaru ba su taɓa tambayar ko wane ne ba.

Ina so in nuna yadda ake bin sawun ƙuda irin wannan, tun daga bakin ruwa har ya samu suna a littafi, domin mafi yawan aikin ba ya buƙatar jami'a. Malamin firamare a Rusairis zai iya shi.

Farkon abu, a koyi kallonsa yana raye. Tsawonsa bai cika wuce faɗin ɗan yatsa ba. Cikinsa a baje yake, mai faɗi, yawanci kore ko rawaya da baƙin zane a tsakiya, kuma idan ya sauka yakan ɗora fukafukansa ɗaya bisa ɗaya a gadon baya, har gefen cikin ya leƙo ta ɓangarorin biyu. Wanda bai sani ba zai ɗauka ɗan zuma ne ko rina. A ƙirga fukafukai: zuma da rina huɗu gare su, ƙuda biyu. Bobuwar da ke addabar shanu da damina, wadda ke korar makiyaya daga kudancin Nil Azrak zuwa arewa, ita ma fukafukanta biyu, amma bakinta na huda fata ne, ba ta kuma yi sanyin jikin ƙudan soja ba, wanda sau da yawa za ka iya kifa masa kwalba yana kan fure.

Kayan kamu ba su da wuya. Zoben waya mai kauri, tsohon gidan sauro a ɗinke shi kamar jaka, da gora ta zama mariƙi. A share kan ciyayin bakin ruwa da hantsi, lokacin da rana ta ɗan yi zafi, a murɗe bakin jakar. Amma hanyar da na fi so ta fi wannan jinkiri, ta kuma fi ta albarka, wato a fara daga tsutsa. A debi taɓo da gansakuka a rariya, a wanke a hankali. Tsutsar doguwa ce, a baje, launin ƙasa, fatarta da ɗan kaushi domin akwai sinadarin alli a cikinta, bayanta kuma ya tsuke ya zama wutsiya mai tuntun gashi a ƙarshe. Da wannan gashi take rataye a saman ruwa tana shaƙar iska, kanta a ƙasa tana kiwo. A sa kowace tsutsa a kwalbarta ita kaɗai, da ɗan taɓo da ruwan wurin da aka samo ta, da kara ɗaya a tsaye, a rufe baki da gidan sauro. Wata rana za a ga ta sandare tana yawo a saman ruwa kamar ta mutu. Kada a zubar. A cikin tsohuwar fatarta take rikiɗa, kuma idan ƙudan ya fasa ya fito, an samu abin da ke da matuƙar daraja, wato shaidar cewa wannan tsutsa ita ce ke zama wannan ƙuda. Yawancin ƙudajen soja na Afirka manyansu kawai aka bayyana a littattafai. A ajiye fatar da ya bari tare da shi, kada a raba su.

Kafin a kashe shi a ɗauki hotonsa da waya, a kuma rubuta launinsa. Koren nan yakan koɗe ya koma rawaya bayan ya bushe, kuma wannan ya sha ruɗar masanan da ba su taɓa ganin ƙudan a raye ba, sai a akwati. Sannan a sa shi a kwalba mai auduga da aka ɗiga wa ruwan goge jan farce, ko a firiza idan akwai wuta. Tun yana da taushi a soke shi da siririn fil a gadon baya, ɗan dama da tsakiya, don a bar ɓari ɗaya lafiya. Fil ɗin tela yana tsatsa ya ɓata ƙwaro, don haka in da hali a nemi na baƙin ƙarfe mara tsatsa. A ɗaga fukafukai a ware su, a bar shi ya sha iska a inuwa, inda kiyashi ba za su kai ba.

Yanzu an zo wurin da ake yawan asara: takardar shaida. Ƙaramar takarda ce da ake sokewa a fil ɗin, ƙarƙashin ƙudan, a rubuta da fensir ko tawadar da ba ta zuba: ƙasa, jiha, gari, sunan mayar ko ƙauyen, lambobin wuri daga waya, rana da wata da shekara, kan wane fure ko cikin wane ruwa, da sunan wanda ya kama. Ƙudan da ba shi da wannan takarda ya zama ado kawai. Akwatunan Turai cike suke da ƙwarin da aka rubuta wa "Nubiya" ko "Sudan" ko ma "Afirka" kurum, sunan wanda ya riƙe ragar kuwa babu. Matafiyi ne ake rubutawa, ba ɗan gari da ya nuna masa fadamar ba. Wannan yana ci mini rai, kuma maganinsa a hannunmu yake, a tsinin fensir.

Sai bincike da gilashin ƙara girma. A fara da fiffike. A ƙudan soja manyan jijiyoyi sun cunkushe a gaban fiffiken, a tsakiya akwai ɗan ƙaramin ɗaki da jijiyoyi suka kewaye, daga gare shi kuma wasu raunanan jijiyoyi suke fita su nufi gefe, wasu ba sa ma kaiwa. A duba ƙarshen gadon baya, inda wani ɗan faifai yake: a Odontomyia akwai ƙayoyi biyu a kansa. Waɗannan ƙayoyi ne makaman da suka jawo wa dangin sunan soja. Sannan ƙahonnin kai. Idan gaɓar farko ta yi tsawo ƙwarai, ninkin gaɓa ta biyu sau uku ko fiye, to Stratiomys ne, rukunin da Geoffroy ya sa wa suna a 1762. Idan gajera ce, ana kan hanyar Odontomyia. Idan kuma ɗakin tsakiyar fiffiken ya ƙanƙance ƙwarai, a tuna da Oplodontha, wanda Rondani ya ware a 1863, mai yawa a Afirka. A lura da idanu: na namiji sun haɗe a saman kai, na mace akwai goshi tsakaninsu. Zanen cikin namiji da na mace yakan bambanta, har an sha ba miji suna ɗaya, matarsa wani sunan.

Wanda ya koya wa duniya karanta fiffiken ƙuda haka malamin makaranta ne. Johann Wilhelm Meigen, Bajamushe, an haife shi a 1764, ya rasu a 1845, ya yi shekaru yana koyar da Faransanci a garin Stolberg. Kafin shi, Linnaeus a 1758 ya zuba ƙudaje masu yawa a rukuni ɗaya mai suna Musca, almajirinsa Fabricius na jami'ar Kiel kuma ya dogara ga siffar baki wajen rarrabe ƙwari. Meigen ya haɗa fiffike da ƙaho da sauran jiki, ya zana su da hannunsa, kuma shi ya kafa rukunin Odontomyia a 1803. Daga nan aka yi ta ƙara masa iri. Olivier, wanda ya yi tafiya a Masar da ƙasar Farisa, ya bayyana Odontomyia megacephala a 1811, irin da aka sani a Masar, ƙasan kogin namu. Wiedemann, likitan haihuwa a Kiel, ya rubuta littafi biyu kan ƙudajen wajen Turai a 1828 da 1830. Macquart na Lille ya biyo da nasa. Hermann Loew, shi kuma shugaban makaranta ne, ya fitar da aikinsa kan ƙudajen kudancin Afirka a 1860. A ƙarni na 20 Erwin Lindner na Stuttgart ya bayyana ƙudajen soja na Afirka masu yawa, Maurice James kuma ya jera su a kundin ƙudajen Afirka na 1980. Malamai biyu da likita ɗaya a cikin jerin nan, suna aikin a lokacin da suka samu sarari.

Dole a iya karanta sunan yadda suka rubuta shi. Kalmar farko ta rukuni ce, ta biyu ta iri, sai sunan wanda ya fara bayyana shi da shekara. Idan aka ga Odontomyia hydroleon (Linnaeus, 1758), bakan da ke kewaye da sunan Linnaeus na nufin shi a wani rukuni ya sa shi, wato Musca, daga baya aka ɗauko shi aka kawo nan. Haka ma Hermetia illucens, baƙin ƙudan soja da ake kiwon tsutsarsa yau don ciyar da kaji da kifi, wanda cibiyar icipe ta Nairobi ta yi aiki mai yawa a kansa: Linnaeus ne ya bayyana shi a 1758, Latreille ya kafa masa rukuni a 1804.

Ƙa'idar ita ce sunan da ya riga shi ke zama, kuma wannan ƙa'ida ta taɓa jefa Odontomyia cikin rikici. A 1800 Meigen ya buga wata 'yar ƙasida a Faransa, inda ya kira rukunin Eulalia, sannan shi da kansa ya yi watsi da sunayen cikinta. Aka manta da ita shekara ɗari da wani abu, sai Friedrich Hendel ya tono ta a 1908. Masana suka rabu biyu, wasu na rubuta Eulalia, wasu Odontomyia. Sai a 1963 hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi ta soke ƙasidar. Duk mai bin tsofaffin littattafai yana neman ƙudan Sudan, sai ya duba ƙarƙashin sunayen biyu, in ba haka ba zai ɗauka ya gano sabon abu alhali an daɗe da rubuta shi.

Daga nan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Akwai babin ƙudan soja a juzu'i na biyu na babban littafin ƙudajen Afirka da aka buga a Afirka ta Kudu a 2017, mai tambayoyi bi da bi da ke kai mutum ga rukuni. Gane iri kuwa sai an jiƙa ƙarshen cikin namiji a ruwan sinadarin fotash, an duba gaɓoɓin barbararsa a madubin likita, domin a nan ne iri biyu masu kama suke rabuwa. Ana kuma cire ƙafa ɗaya a sa a sifirit mai ƙarfi, a aika don karanta wani ɗan yanki na ƙwayar halitta, hanyar da Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003. Amma hukunci na ƙarshe yana wurin ƙuda guda ɗaya, wanda mai raɗa sunan ya riƙe a gabansa ranar da ya rubuta bayaninsa. Shi ne mudun sarkin kasuwa, da shi ake gwada kowane mudu. Na Meigen mafi yawa suna Faris, na sauran masana kuma wasu suna Berlin, Landan da Stuttgart. A yau hoto mai kyau ta intanet yakan rage wahalar, domin masu kula da ɗakunan ajiya sukan ɗauki hoton nasu su aiko.

In an gwada ko'ina ba a samu mai kama ba, sai raɗin suna. A zaɓi ƙuda ɗaya, yawanci namiji lafiyayye, a soka masa jar takarda. A rubuta siffarsa daga kai zuwa ƙafa, a faɗi ƙarara abin da ya raba shi da danginsa na kusa, a haɗa da zane. Sunan da haruffan Latin ake rubuta shi, amma ana iya ɗauko shi daga kowane harshe: daga sunan mayar, ko ƙauyen, ko wanda ya kama. Babu abin da ya hana kalmar Hausa. Tun daga shekarar 2000 dole marubuci ya bayyana cewa sabon suna yake nufi, ya kuma faɗi inda ya ajiye ƙudan. Tun 2012 an yarda da mujallar intanet, muddin an yi wa aikin rajista a ZooBank. Fitar da ƙwari daga ƙasa kuwa sai da izinin hukuma, bisa yarjejeniyar Nagoya ta 2010.

Saura ajiya. Sudan ta daɗe a wannan fage: ɗakin binciken Wellcome ya buɗe a Khartum a 1903, inda Harold King ya yi aikin ƙwari, tashar binciken noma ta Wad Madani kuma ta tara ƙwarin Jazira shekaru da dama. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya shafi biranen biyu. Tun kafin nan, gobarar gidan tarihi na Rio de Janeiro a Satumban 2018 ta cinye miliyoyin ƙwari a dare ɗaya. Saboda haka kada a kama ɗaya tal, kada kuma a tara duka a ɗaki ɗaya. A raba 'yan'uwansa da aka kama tare, wasu a Damazin ko Wad Madani, wasu a wata ƙasa, kowanne da takardarsa. Wanda ya rage a gida a sa shi a akwatin katako mai murfi da ke rufuwa ruf, a shimfiɗa soso ko ɓargon karan dawa a ƙasa don soka fil, a ɗaure ƙwayar kafur a kusurwa yadda ba za ta gangara ta karya ƙafafu ba. Da damina a riƙa buɗewa ana duba fumfuna, idan kuma aka ga gari-gari a ƙarƙashin wani ƙuda, ƙwaro ya shiga yana ci, sai a rufe akwatin a leda a sa shi a firiza na mako guda.