Amsar Tambaya: Yaya ake gane farar giyar inabin Mosel?

Tambaya: Ina hidimar tebur a wani otal a Trier, ƙasar Jamus. Ba na shan giya, amma baƙi kan tambaye ni bambancin kwalaben Riesling. Me zan ce musu?

Amsa: Ɗan'uwa, batun halaccin aikin na malamai ne, ni dai ga abin da masu gwaji ke dubawa.

Kwarin Mosel, inda Trier take, wuri ne mai sanyi, inabi ba ya saurin nuna. Shi ya sa ake shuka shi a gangaren duwatsu masu kallon rana. Sanyin nan ke bar wa giyar tsami mai kaifi, ƙarfinta kuma ya yi ƙasa: wadda ake kira Kabinett, mai ɗan zaƙi, ba ta cika wuce kashi 9 cikin ɗari ba.

Ido da hanci sun ishe ka rabin aikin. Sabuwa fara ce mai ratsin kore, tana ƙamshin lemun tsami da ɗanyen tuffa. Wadda ta kwana biyu takan koma ruwan zinariya, har ta riƙa bugo warin kananzir, kuma masana ba sa ɗaukar wannan aibi. Amma in ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, marfin ne ya ɓata ta, mayar da kwalbar.

Masu gwaji kurɓa suke su tofar, suna auna ko zaƙi ya danne tsami. Kai karanta takardar jikin kwalba: trocken na nufin babu zaƙi, Spätlese kuwa inabin da aka jinkirta tsinkarsa, bisa dokar giya ta Jamus ta 1971. Ka kai ta tebur da sanyin digiri 8 zuwa 10.