YADDA ZA MU TSARE GINE-GINENMU DAGA GARA

Ƴan'uwa manoma, dukanmu mun san ɓarnar gara. Mutum ya kashe kuɗin amfanin gonarsa na shekara wajen yin rufi, bayan damina biyu sai ya tarar azara ta zama ɓawo. A wannan darasi za mu koyi abu ɗaya: garar da ke cin gidajenmu daga ƙasa take hawowa. In mun tare mata hanya, mun gama rabin aiki.

Halin gara

Gara tana son laima da duhu. Ba ta jure rana da iska, shi ya sa take gina ƴar siririyar hanya ta ƙasa a jikin bango, ta bi ta ciki har ta kai ga itace. Uwar gara da ke cikin babban suri tana yin ƙwai dubbai kowace rana. Shingen da muke gani bayan ruwan fari, su ne ke zubar da fukafukai su kafa sabon gida. Mu sani kuma ba kowace gara ke gina suri ba. Wata tana zaune a ƙarƙashin ƙasa, babu alama. Saboda haka rushe suri kaɗai bai isa ba.

1. Ɗakin ƙasa da soro

Kafin mu fara gini, mu tone kututture da saiwoyi duka daga filin. Kada mu kwaɓa ƙasar gini da ta sabon suri. In akwai hali, mu sa dutse a tushe. Mu zaɓi azarar giginya wadda ta ƙosa, ko ƙirya, gama gara ba ta cinsu da sauƙi. Mu gyara indararo domin ruwa ya zuba nesa da gindin bango.

2. Ɗakin jinka

Kada ciyawa ko zana ta taɓa ƙasa. Gindin dirka shi ne wurin haɗari. Mu ɗora ta bisa dutse, mu riƙa duba ta.

3. Ɗakin bulo da kwano

Gara ba ta cin siminti, amma tana bin ƙaramar tsaga a daɓe ko ramin cikin bulo har ta kai katakon rufi. Mu toshe kowace tsaga. Kada katakon ƙofa ya shiga cikin ƙasa. Mu shafa wa katako maganin gara tun kafin kafinta ya buga shi.

4. Rumbu da sito

Mu kafa rumbu bisa duwatsu, tsayin kamar santimita 30, yadda ido zai ga ƙarƙashinsa. Mu share wurin, mu barbaɗa toka. A siton ƙungiya, mu jera buhuna bisa katako, mu bar rata tsakaninsu da bango yadda mutum zai zagaya. Kada mu jingina kara ko itacen wuta a jikin kowane gini.

Batun magani

Dattawanmu sun tuna Aldrin da Dieldrin. An hana su ƙarƙashin yarjejeniyar Istokholm ta ƙasashen duniya wadda aka sa wa hannu a 2001, domin suna daɗewa a ƙasa, suna taruwa a jikin mutum da dabba. Maganin da ke cikin Gammalin 20 ya bi sahunsu a 2009. In mun ga irinsu a kasuwa, kada mu saya. Mu nemi shawarar malamin gona, mu bi abin da aka rubuta a jikin kwalba. Kada mu zuba magani kusa da rijiya ko cikin hatsi.

Aikin kowane wata

Mu zagaya kowane ɗaki ciki da waje. In mun ga hanyar gara, mu kankare ta, mu bi ta har inda ta fito. Mu ƙwanƙwasa katako. In ya yi ƙara kamar ganga, an cinye cikinsa. Amma surin da ke can daji mu ƙyale shi, gama gara tana ruɓar da ciyayi, tana buɗe wa ruwa hanya a ƙasa.

Tambayoyi domin taronmu

1. Yaushe muka duba ƙarƙashin rumbunanmu?
2. Wa za mu naɗa ya riƙa duba siton ƙungiya kowane wata?