Baba Lloyd, Mai Tsaron Tsakani

Ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa a kan wani wasa ne da ba mu saba da shi ba a nan Adamawa, da kuma wani mutum da ya yi suna a cikinsa. Sunan wasan besbol, sunan mutumin kuwa John Henry Lloyd, wani baƙar fata na ƙasar Amurka. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan malamin da za a tura Girei ko Fufore da wasan da bai taɓa gani ba? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, gama mutumin nan a makaranta ya ƙare aikinsa, inda ku za ku fara naku.

Bari mu fara da yadda wasan yake. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 9. A fili akwai zango huɗu da aka jera kusurwa huɗu, tsakanin kowane zango da na gabansa ƙafa 90. Zango na huɗu shi ake kira gida. Mai jifa ya tsaya a tsakiya, ya jefo ƙwallo mai tauri wanda bai fi lemon zaƙi girma ba, mai bugu kuwa yana tsaye a gida da kulki. In ya buge ƙwallon sai ya yar da kulki ya sheƙa zuwa zango na fari. Abokan hamayya su yi ƙoƙari su cafe ƙwallon tun bai taɓa ƙasa ba, ko kuwa su tsince shi su jefa wa mai tsaron zangon kafin mai gudu ya iso. In sun yi haka, ya fita. Wanda ya kewaye zangon nan duka ya komo gida ya ci ɗaya. In an fid da mutum uku sai a juya, masu tsaro su koma bugu. Haka za a yi ta yi har sau 9.

A cikin masu tsaro akwai wanda ba shi da zango nasa na kansa, yana tsayawa tsakanin na biyu da na uku. Turawa na ce masa shortstop, mu kuwa bari mu kira shi mai tsaron tsakani. Yawancin masu bugu da dama suke bugu, saboda haka ƙwallon ya fi gangarowa ta wajensa, da gudu, yana tsalle bisa ƙasa. Tilas ya zama mai ido, mai zafin nama, mai ƙarfin damtse, domin daga tsintuwa zuwa jifa ba a ba shi ko lokacin yin tunani. Don haka ba a sa kowa a wurin sai gwani. Tun a shekarar 1869, sa'ad da aka kafa ƙungiya ta fari da ke biyan dukan 'yan wasanta albashi a birnin Cincinnati, mai tsaron tsakaninta, George Wright, shi ya fi kowa albashi, dala 1,400.

An haifi Lloyd ran 25 ga Afrilu, 1884, a garin Palatka cikin jihar Filorida. Watau yana ɗan shekara 17 sa'ad da Turawan Ingila suka ci Yola a 1901. Ubansa ya rasu yana jariri, kakarsa ce ta rene shi. Bai yi nisa a makaranta ba ya fita neman abinci, har ya yi aikin dako. A shekarar da aka haife shi akwai wani baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, da ke wasa tare da farare a ƙungiyar Toledo. Amma kafin Lloyd ya girma an rufe wannan ƙofa. Daga wajen 1887 masu manyan ƙungiyoyi suka daina ɗaukar baƙar fata, kome gwanintarsa. Sai baƙaƙe suka kafa nasu ƙungiyoyi, suna yawo gari gari suna wasa, abin da aka tara a ƙofa shi ne abincinsu.

Cikin irin waɗannan ƙungiyoyi Lloyd ya tashi. A 1906 Cuban X-Giants suka ɗauke shi, daga 1907 kuma ya koma Philadelphia Giants, inda ya zauna daram a matsayin mai tsaron tsakani. A 1910 ya tafi Shikago wajen Rube Foster, wani mashahurin shugaban 'yan wasa. Daga nan ya yi Lincoln Giants ta Niyok, ya sāke komawa Shikago, ya yi Brooklyn Royal Giants, da waɗansu. Kada ku ɗauka rashin amana ke sa shi wannan yawo. Ƙungiyoyin nan ba su da jari mai ƙarfi, yau akwai albashi, gobe babu. Shi da kansa bai ɓoye ba, ya ce inda kuɗi suke nan yakan nufa. In sanyi ya shigo Amurka aka tashi daga wasa, sai ya haye teku zuwa tsibirin Kyuba, kamar yadda mutanenmu ke tafiya cin rani in an gama girbi.

A Kyuba babu wannan shinge na launin fata a filin wasa, can ne kuwa aka gwada shi da manyan farare. A ƙarshen 1910 ƙungiyar Detroit Tigers ta zo tsibirin tare da Ty Cobb, wanda a zamanin nan ake ganin ba wanda ya kai shi iya bugu. Lloyd yana cikin ƙungiyar Habana. A wasannin da aka yi, cikin bugu 22 da ya tsaya yi, 11 sun kai shi zango lafiya, watau rabi. Cobb bai kai haka ba. Ku sani fa, a wannan wasa wanda ya sami uku cikin goma ma gwani ne. Mutanen Kyuba suka sa wa Lloyd suna El Cuchara, watau cokali, domin in ya sunkuya ya kwashi ƙwallo da manyan hannuwansa har da ƙasa yake haɗawa. A gida kuma aka riƙa kwatanta shi da Honus Wagner na Pittsburgh, sarkin masu tsaron tsakani na farare. Da labari ya kai kunnen Wagner, sai ya nuna shi aka girmama da wannan kwatanci.

Duk da haka ƙofa ba ta buɗe ba. A 1920 Rube Foster ya haɗa ƙungiyoyin baƙaƙe suka zama gasa mai tsari, amma a lokacin Lloyd ya riga ya kai shekara 36. Bai ja da baya ba. Ya zama shugaban 'yan wasa yana kuma bugawa tare da su. A 1923 ya shugabanci ƙungiyar Hilldale, shekarar da ta zo ta ɗaya a gasar gabashin ƙasar. A 1930 yana jagorancin Lincoln Giants sa'ad da aka fara barin ƙungiyoyin baƙaƙe su kara a babban filin Yankee na Niyok. Da ƙafa ta yi nauyi sai ya bar tsakani ya koma tsaron zango na fari. A wannan zamani ne samarin da ke ƙarƙashinsa suka riƙa kiransa Pop, watau Baba, domin ba ya shan giya, ba ya zagi, in yaro ya yi kuskure kuwa sai ya ja shi gefe ya nuna masa, ba ya kunyata shi gaban jama'a. Ya bar manyan wasanni a 1932.

To, ina gwanin nan ya ƙare? A birnin Atlantic City, yana aikin shara da kula da ginin makaranta. Mutumin da dubban jama'a suka yi wa tafi a ƙasa biyu, ga shi da tsintsiya. Amma in an tashi daga aji yara sukan kewaye shi, ya fita da su fili yana koya musu yadda ake riƙe kulki da yadda ake tarar ƙwallo. Ran 15 ga Afrilu, 1947, Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers, shingen nan ya faɗi. Saura kwana goma Lloyd ya cika shekara 63. A 1949 birnin ya sa sunansa ga wani filin wasa. A wajen bikin ya faɗa wa jama'a cewa shi bai ga an haife shi a mugun lokaci ba, gama ya sami damar nuna abin da mutanensa za su iya, abin da suka yi kuwa shi ya share wa na baya hanya. Ya rasu a 1964. Sai a 1977 aka sa sunansa cikin zauren tunawa da gwanayen wasan a Cooperstown, a 2020 kuma hukumar manyan ƙungiyoyi ta yarda cewa gasannin baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 daidai suke da nata.

Ga abin da ya shafe ku. Da yawa cikinku za a tura ku makarantar da ba ta da fili mai kyau, ba ƙwallo, wani lokaci ma albashi ya makara, ba kuwa wanda zai zo daga Yola ya ga irin ƙoƙarinku. A nan ne mutum yakan ce, tun da ba a gani, me zai sa in wahala? Lloyd ya yi shekara fiye da 25 yana wasa kamar gobe za a kira shi, alhali ya san ba za a kira shi ba. Da ya yi sakaci, da masu cewa baƙar fata ba zai iya ba sun sami hujja. Sa'an nan kuma a cikin ajinku za a sami yaron da aka rufe wa ƙofa, ko don talaucin gidansu, ko don yarensa, ko don ita mace ce. Aikin malami ne ya ga gwanintar da waɗansu suka ƙi gani, ya kuma sa yaron nan a wurin da ya dace da shi.

Tambayoyi

1. Zana filin besbol a allo, ka nuna inda mai tsaron tsakani ke tsayawa, ka faɗi dalilin da ya sa ba a ba kowa wurin sai gwani.

2. Me ya sa Lloyd ya riƙa sauya ƙungiya? Kwatanta tafiyarsa Kyuba da cin rani a ƙasarmu.

3. Shekara nawa ke tsakanin rasuwarsa da sa sunansa a Cooperstown?

4. An tura ka makarantar da ba ta da kayan wasa ko ɗaya. Rubuta shirin darasin motsa jiki na minti 30 da za ka yi da abin da ke samuwa a ƙauyen.