Kafin ki tafi taron masana

'Yata, na ji an karɓi takardarki, za ki je taron masana. Na yi murna ƙwarai. Ki je ki saurara, ki ƙaru. Sai dai bari in ɗan ja kunnenki a kan abu guda.

Yawancin abin da ake gabatarwa a taro aiki ne da bai kammala ba. Miya ce a kan wuta, aka ɗebo miki a ludayi ki ɗanɗana. Mai yiwuwa ta yi daɗi in ta dahu, mai yiwuwa kuma a zubar da ita.

Ki dubi yadda abin yake tafiya. Mai bincike yakan aika tsakure, kalmomi ɗari biyu ko uku. Kwamitin taro ya karanta ɗaruruwan irinsa cikin 'yan makonni, ba tare da ya ga ainihin alƙaluman ba. Ran taro a ba shi minti goma ko sha biyar. Jadawali ya bayyana a allo, ya wuce tun ba ki gama karanta kansa ba. Shugaban zama ya ɗaga 'yar takarda, saura minti biyu. A yi tambaya ɗaya ko biyu, a tafa, a fita shan shayi. To, wa ya tantance aikin a nan?

A 2018 ƙungiyar Cochrane ta fitar da wani nazari da ya haɗa bayanan tsakure sama da 300,000 na tarukan lafiya da makamantansu. Kashi 37 cikin ɗari ne kawai aka buga cikakkunsu a mujallu daga baya. Waɗanda sakamakonsu ya yi daɗin ji sun fi samun bugawa. Sauran fa? Wasu masu su lokaci ne ya yi musu ƙaranci, ba laifinsu ba ne. Wasu kuwa da aka ƙara bincike sai abin ya rushe.

Kada ki ɗauka duk wanda ya yi kuskure maƙaryaci ne. A watan Satumba na 2011, masanan wani gwaji mai suna OPERA sun tsaya a cibiyar CERN suka ba da labari mai girgiza duniya. Sun auna wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira nutirino, waɗanda aka harba daga CERN zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730. Awonsu ya nuna ƙwayoyin sun riga haske isa da kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa ɗaya. Jaridu suka ɗauka, har ana cewa lissafin Einstein ya faɗi. A watan Fabrairun 2012 aka gano wata waya ce ba a ɗaure ta da kyau ba. Mutanen nan ƙwararru ne, masu gaskiya. Su da bakinsu suka roƙi a duba musu aikin. Duk da haka, wanda ya yi gaggawar yaɗa labarin shi ya ji kunya. Sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma tarukan da neman kuɗi ne kawai ya haɗa su. A 2005 ɗalibai uku na jami'ar MIT suka rubuta manhajar da ke harhaɗa kalmomin kimiyya ba ma'ana, suka aika abin da ta fitar zuwa wani taro a Amurka, aka karɓa. A 2019 wata kotun Amurka ta umarci kamfanin OMICS ya biya sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar masana ta hanyar mujallu da taruka. Irin gayyatar nan za ta zo miki ta imel, cike da yabo, a ƙarshe a ce ki biya kuɗin rajista. Na san matsin da kuke ciki, ƙarin girma a jami'a sai da takardu. Amma kuɗin asusun TETFund da ake biyan rajistar da su amana ne, sunanki kuma ya fi kowace takardar shaida tsada. Ki tambayi manyanki na sashe, matambayi ba ya ɓata.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A taron duniya kan cutar ƙanjamau da aka yi a Vancouver ta Kanada a 1996 aka bayyana sakamakon haɗa magunguna uku. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka tabbatar da shi, mace-mace suka ragu, har yau jama'armu na cin gajiyarsa. Abin da ya tsayar da shi shi ne wasu sun sake gwadawa sun samu daidai.

Saboda haka in kin zauna a zauren, ki riƙa tambayar kanki a hankali. Mutum nawa aka gwada, ko ma ɓeraye ne? An kwatanta su da waɗanda ba a ba maganin ba? Wa ya ɗauki nauyin aikin? In kin samu dama, ki tari mai shi a gindin fostarsa ki tambaye shi da ladabi. Mai aiki na gaskiya yakan ji daɗin tambaya, har ya nuna miki inda aikin yake da rauni.

Abin da ya fi damuna shi ne wayar hannunki. Za ki ji an ce wani ganye ya rage sukari a jini. Ki ɗauki hoton allo ki tura zauren WhatsApp na dangi da kyakkyawar niyya. Ke kin san gwajin farko ne. Gwaggonki mai ciwon sukari ba ta sani ba. Ita dai ta san 'yarmu mai ilimi ce ta turo, sai ta ajiye maganin asibiti. Saƙon kuma ya wuce gari goma kafin dare, ba ki da ikon dawo da shi. Ki jira a buga aikin, masana su tantance shi, wasu su maimaita.

In lokacin taki takardar ya yi, ki faɗi adadin mutanen da kika yi aiki da su, ko da talatin ne. Ki faɗi abin da ba ki kai ga tabbatarwa ba. In an yi miki gyara, ki rubuta, ki yi godiya. Allah ya ba ki sa'a.