KARATUN WANNAN WATA: KARBIRATON TSOHUWAR MOTA

Wanda ya san ƙasar Attantane ya san rairayi. Daga ƙauyukanmu zuwa Mayahi ko Tasawa, ƙaramar mota ba ta jure hanya. Sai mota mai ja da ƙafa huɗu. Ita ke kai gero da wake kasuwa. Ita ke ɗaukar mai naƙuda zuwa likita cikin dare.

Bara na shiga wata tsohuwar Landiroba a hanyar Mayahi. Muna tare da wata mata da ɗanta marar lafiya. Da muka hau tudun rairayi, mota ta yi tari sau biyu, ta mutu. Direba ya ce karbirato ya lalace, sai an sayo sabo daga Maraɗi. Can sai ga wani dattijon makanike a kan amalanke. Ya kwance, ya wanke, ya hura, ya mayar. Mota ta tashi. Datti ne kawai, bai kai ƙwayar gero ba.

MINE NE KARBIRATO?

A Najeriya ana ce masa kafireto. Shi ne ke gauraya isansi da iska kafin su shiga inji. Kamar mai damun fura yake: in ruwa ya yi yawa fura ta tsinke, in ya yi kaɗan ba ta shaƙuwa. A ma'aunin nauyi, inji yana son kashi 15 na iska, kashi 1 na isansi.

Cikinsa akwai ƴar tukunya inda mai ke taruwa. A cikin tukunyar akwai ɗan gora mai iyo. In mai ya cika, goran ya taso, ya tura wata allura ta rufe ƙofar mai. Akwai kuma ƴan kusoshin tagulla masu huda. Ta hudar nan mai ke bi. Hudar ƙarama ce ƙwarai, ƙura kaɗan ta isa ta toshe ta.

Motar gazuwal ba ta da karbirato. Sababbin motoci ma ba su da shi. Amma yana nan jikin tsofaffi. Landiroba ƙirar Ingila, samfuri na uku, an yi ta daga 1971 zuwa 1985, karbiratonta Zenith ne. Toyota Land Cruiser samfurin 40 an yi ta a Japan daga 1960 zuwa 1984, nata Aisan ne. Yawancin baburanmu da injinan ban ruwa su ma suna da shi.

YADDA ZA KA GANE CIWON

In mai ya yi yawa: mota tana baƙin hayaƙi, tana warin isansi, tana shan mai fiye da da. In ka kwance buji, ka gan shi baƙi ƙirin. Ko goran ya huje, ko allura ba ta rufewa, ko matatar iska ta cika da ƙura.

In mai ya yi kaɗan: mota tana tari, ba ta da ƙarfi cikin rairayi, tana mutuwa da ka ɗaga ƙafa. Ko huda ta toshe, ko ruwa ya shiga mai, ko iska na shiga ta gefe.

Amma kada ka yi saurin zargin karbirato. Duba buji ko yana ba da wuta. Duba matatar mai. A tsohuwar Landiroba akwai ɗan kofin gilashi jikin famfon mai. Ruwa ya fi isansi nauyi, don haka za ka gan shi kwance a gindin kofin. Zubar da shi, ka gwada tada mota.

YADDA AKE WANKE SHI

1. Bari inji ya huce. Cire wayar batir. Kada kowa ya sha taba ko ya hura wuta kusa.
2. Nemi wurin da ba iska. Shimfiɗa tsumma mai tsabta. Kada ka aje kome a ƙasa.
3. Kwance murfi. Jera kowane abu bi da bi yadda ka cire shi, don ka san yadda za ka mayar.
4. Wanke tukunya da kusoshin tagulla da isansi mai kyau.
5. Hura hudar da famfon taya. Kada ka zura waya ko allurar ɗinki. Waya tana faɗaɗa huda, daga nan mota ta riƙa shan mai har abada.
6. Girgiza goran kusa da kunne. In ka ji mai a ciki, ya huje, sai a canza.
7. In takardar da ke tsakanin murfi da jiki ta yage, sa sabuwa.
8. Ɗaure kusoshi a hankali, nan kaɗan can kaɗan. Ɗauri da ƙarfi yana lanƙwasa murfi.

Akwai kusar daidaita mai a gefe. In ba ka iya ba, kada ka taɓa ta. Makanike yana daidaita ta ne bayan inji ya yi zafi, yana saurare da kunne.

YAUSHE AKE SAYEN WANI?

In jiki ya tsage. In sandar da ke buɗe ƙofar iska ta cinye mazauninta har tana girgiɗi. In an wanke, an sa sabuwar allura, mai bai bar zuba ba. Murfin da ya ɗan lanƙwashe, makanike na iya goge shi a kan gilashi da takardar goge ƙarfe mai laushi.

In za ka saye, tafi da tsohon a hannu. Gwada lamba da lamba, huda da huda. Injin Landiroba yawanci tukwane 4 gare shi, na Toyota 6. Karbiraton ɗaya bai dace da ɗayan ba. In na hannu ne, girgiza sandar kafin ka biya kuɗi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

In ka sayi mai wurin ƴan ruwa-ruwa, ɗaga kwalba ka duba gindinta. Tace mai da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki. Kada ka bar tanki ya ƙare ƙaf, don datti a ƙasa yake kwanciya. Lokacin hunturu da bazara, riƙa duba matatar iska kowane mako. Ta Landiroba baƙin mai ne a gindinta mai kama ƙura. In ya zama taɓo, wanke ta ka zuba sabo daidai alama.

Direba, ka tuna motar nan wata rana rai za ta ɗauko.

TAMBAYOYI DON ƳAN AJI

1. Wane aiki karbirato yake yi?
2. In mota tana baƙin hayaƙi, mi ke nan?
3. Don mi ba a zura waya cikin huda?
4. Mota nawa ke shigowa garinku? Ku tattauna da direbobinsu, ku karanta musu wannan shafi.