Amsar Tambaya: Na Faɗi Kwas Biyu, Shin In Koma Gona?

Tambaya: Malam, ni ɗan Unguwar Hajji ne, ina aji biyu a jami'a a Kano. Na faɗi kwas biyu. In 'yan birni suna zuba Turanci a lakca sai in ji ba wurina ba ne. In tattara in koma gida?

Amsa: Ƙanena, kada ka tattara. Kwas biyu ana maimaita su, kuma da yawa cikin masu digiri sun yi hakan. Waɗanda yajin aikin ASUU ya zaunar a gida wata takwas a 2022 ma sun koma sun ƙarasa.

Turancin nan kuwa sabo ne kawai. Wanda ya iya tashi da asuba ya yi noman rani a bakin dam ɗin Challawa ba rago ba ne. Ka bar kujerar baya. Ka samu mutum uku ku riƙa bitar tsofaffin tambayoyin jarrabawa bayan la'asar, kai ma kana yi musu bayani, ko da Hausa ne. Ka je ofishin malamin kwas ɗin, ka nuna masa daidai inda ka ɓace.

In kuma kuɗi ne ainihin damuwar (ina zargin haka), akwai bashin ɗalibai na NELFUND tun 2024. Ka nema.