Sauya Faifan Tayarwa a Tsohuwar Kwamfuta: Darasi Daga PDP-11

A shekarar 1970 ne kamfanin DEC na ƙasar Amurka ya fito da wata matsakaiciyar na'ura mai ƙwaƙwalwa da ake kira PDP-11. Ba ta kai girman manyan kwamfutocin da ke cika ɗaki ba, amma ana iya samun ta da tsayin kabad. Jami'o'i da ɗakunan bincike da masana'antu sun daɗe suna amfani da ita, har ta adana musu aikin shekaru a kan faifai. Shi kuwa faifai yana tsufa, kuma ranar da faifan tayarwa ya lalace, na'urar ba za ta tashi ba. Don haka ya kamata a sauya shi tun yana da lafiya.

Yadda na'urar ke tashi

Idan aka kunna kwamfuta, ƙwaƙwalwarta ta aiki ba ta ɗauke da wani umarni mai amfani. Babbar manhajar da ke gudanar da ita tana kan faifai, alhali kuwa sai da umarni ake karanta faifai. A farkon zamanin PDP-11, mai aiki kan shigar da 'yan umarnin farko da hannunsa, ta maɓallan da ke gaban na'urar. Daga baya aka sanya su a cikin ƙwaƙwalwar dindindin, wadda ba ta gogewa ko an ɗauke wuta.

Aikin waɗannan umarni ɗaya ne: su karanto yankin farko na faifai, wato yanki mai lamba 0, mai ɗaukar bayit 512. A manhajar RT-11, wadda ta fito a 1973, wannan yanki shi ke kirawo abin da ke yanki na 2 zuwa na 5, su kuma su ɗora babbar manhajar. Kowane mataki yana tayar da na gabansa ne.

Ɗaliban ilimin halittu za su gane wannan da sauƙi. Ƙwayar masara cike take da abinci, amma ɗan ƙanƙanin ɗan tayin da ke gindinta shi ke tsirowa. In an cire shi, komai ruwan da aka zuba ba za ta fito ba. Haka faifan da aka kwafe wa dukkan fayiloli aka bar yankin tayarwa babu komai.

Matakan sauyawa

A ɗauki misalin faifan RL02, mai ɗaukar megabayit 10, wanda ake iya cirewa daga mazauninsa. Tsohon faifai yana mazauni na farko, DL0, sabon kuma yana DL1.

Da fari, a kan shirya sabon faifai da umarnin INITIALIZE. A nan ne babban haɗari yake, domin umarnin yana shafe jerin fayilolin da ke kan faifai. Wanda ya rubuta DL0 a maimakon DL1 ya jawo asarar abin da yake neman ceta. Shi ya sa ake danna maɓallin hana rubutu a mazaunin tsohon faifai kafin a fara.

Na biyu, sai a kwafe fayilolin da COPY/SYSTEM, don kada a bar fayilolin babbar manhaja a baya. Na uku, a rubuta yankin tayarwa da COPY/BOOT. Wannan shi ne matakin da ba a ganin rashinsa sai an zo tayarwa.

Na huɗu, a sanar da na'urar inda za ta nufa. Kowane mazaunin RL02 yana da ɗan toshe mai lamba 0 zuwa 3 a gabansa. Ana iya mayar da sabon faifai mazauni na 0, ko a musanya tosassun. Daga nan a kashe, a kunna, a gwada. Tsohon faifai kuwa a adana shi har sai sabon ya tabbata.

Kammalawa

Kamfanin Compaq ya saye DEC a 1998, amma darasin bai tsufa ba. Kwamfutar makaranta da wayar hannu duk da irin wannan jerin matakai suke tashi.

Tambayoyi

1. Me ya sa kwafe fayiloli kaɗai ba ya isa?
2. Wane mataki ne ya fi haɗari, kuma yaya ake kauce masa?